Robar kare haƙora ga mai giɓi a gaba

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, barkanku da zuwa. Yau maganarmu a kan masu cizon haƙora cikin barci ce, musamman wanda kuma ya rasa haƙoransa na gaba, ko a faɗuwar babur, ko ciwon dasashi ne ya zubar da su.

Mai wannan larura yawanci bai san yana yi ba. Iyalinsa ke jin ƙarar cikin dare, shi kuwa sai dai ya wayi gari da ciwon muƙamuƙi da ciwon kai. In ka leƙa bakinsa za ka ga kawunan haƙoran sun siɗe sun baje. Abin da muke yi masa shi ne wata roba mai tauri da zai riƙa sawa in zai kwanta, kaurinta kamar milimita 2 a wajen turame. Samfurin da aka fi sani daga Jami'ar Mishigan ta Amurka ya fito. Ku ji da kyau, ba ta raba mutum da cizon. Ita ce dai ke cinyewa a madadin haƙori.

To, mai giɓi lamarinsa daban ne. Da rana yana sanye da haƙoran roba, da dare kuwa dole ya cire su don dasashi ya huta. Ke nan daidai lokacin da cizon ke tashi, bakin ba shi da kariya, nauyin duka ya koma kan 'yan haƙoran da suka rage. Ga shi kuma haƙori ba ya zama wuri ɗaya in ya rasa maƙwabci. Na gefe su karkato cikin giɓin, in kuma a sama giɓin yake, na ƙasa su yi ta tasowa tunda babu abin da ke tare su.

Shi ya sa ba ma gaggawa. Sai an fara gyara dasashi, an cike haƙoran da suka yi kogo. In ba a daɗe da cire haƙorin ba, mukan ɗan jira, domin dasashi da ƙashin wurin suna motsewa sosai a watanni 3 na farko, kuma robar da aka auna yau ba za ta zauna daidai ba nan gaba. Sannan a ɗauki awon baki, a zuba filasta, a ƙera robar a kansa. Yawanci a muƙamuƙin da ya fi giɓi ake ɗora ta, ta rufe dukkan haƙoran, a kuma cike gurbin giɓin da ita, don ta riƙe na gefe kada su karkato.

Ranar sawa ita ce ranar aiki. Akwai wata siririyar takarda shuɗiya da muke sa wa tsakanin haƙora mu ce, Malam cije. Inda tabon da takardar ta bari a kan robar ya yi duhu, nan ne ya fi tokara, sai mu goge robar kaɗan, mu sake cewa cije. Haka za a yi ta yi har tabon ya fito daidai dama da hagu. Daga nan ya goga muƙamuƙi gefe, mu tabbatar wajen fiƙa ne ke ɗaukar nauyin, turame sun rabu.

Don Allah, mai giɓi ya guji robar kanti da ake tsomawa a ruwan zafi a cije. Ba ta da abin kamawa a gaba, sai ta yi ta lilo a baki. Ƙaramar da ke rufe wasu haƙora kawai ta fi ba ni tsoro, domin waɗanda ba ta rufe ba suna iya tasowa su ɓata cizo, kuma ana iya haɗiye ta cikin barci.

Hajiya tana tambaya kan wanki. Ranki ya daɗe, ruwan sanyi da burushi da ɗan sabulu kowace safiya, ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa ta. Kuma duk ranar da za a dawo asibiti a zo da ita, tare da haƙoran robar, mu duba su gaba ɗaya.