"Yanzun Nan Wani Ya Kama": Inda Mai Neman Haya Zai Kai Kukansa a Amurka

Assalamu alaikum masu kallonmu. A ce wata baiwar Allah ce a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke zaune, ta ga tallan gidan haya mai ɗaki biyu, ta buga waya da safe aka tabbatar mata cewa gidan yana nan. Da la'asar ta isa sanye da hijabi, tana riƙe da hannun babban ɗanta, ƙaramin kuma yana goye. Dillalin ya dube ta, ya dubi yaran, ya yi murmushi, sannan ya ce ta yi haƙuri, yanzun nan wani ya kama. Bayan mako guda ta sake dubawa, ga tallan nan a intanet ba a taɓa shi ba.

Yawancinmu za mu ce ba rabonmu ba ne, mu ƙara gaba. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana mutum neman haƙƙinsa, kuma idan saboda hijabinta ko 'ya'yanta aka juya matar nan, to an taka dokar ƙasa. Ranar 11 ga Afrilu, 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar adalci a harkar gidaje, wadda ta haramta hana mutum haya saboda launin fatarsa ko addininsa ko ƙasarsa ta asali. A 1974 aka ƙara kasancewar mutum mace ko namiji, a 1988 kuma aka shigar da nakasa da zama da yara 'yan ƙasa da shekara 18, har da mai juna biyu. Haramcin bai tsaya ga ƙin bayar da gida ba, domin ya haɗa da tsawwala wa wani kuɗin ajiya fiye da saura, da yi masa ƙaryar cewa gida ya ƙare.

Wahalar ita ce mai nuna wariya a yau ba ya zagi, da fara'a yake sallamar mutum, saboda haka wanda aka zalunta yakan tafi yana kokwanton ko shi ne yake mummunan zato. Domin wannan ne ƙungiyoyin kare haƙƙin masu neman gida suke aika 'yan gwaji: mutum biyu masu albashi kusan ɗaya da buƙata ɗaya, waɗanda ba abin da ya bambanta su sai fata ko addini, kowanne ya je neman gidan a lokacinsa, ya dawo ya rubuta abin da aka faɗa masa. A kewayen birnin Richmond na jihar Virginia, an shaida wa wata 'yar gwaji baƙar fata, Sylvia Coleman, cewa babu gida, alhali abokin aikinta farar fata an ce masa akwai, kuma a 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa tana da hurumin kai ƙara ko da ba ta yi niyyar zama a gidan ba. A New York, cibiyar Fair Housing Justice Center tana irin wannan aiki, kuma a ganina nan ya kamata matar ta fara zuwa, tun gidan bai fita daga kasuwa ba.

Ana shigar da ƙorafi kyauta a ma'aikatar gidaje ta tarayya, wadda aka fi sani da HUD, ba sai da lauya ba, amma cikin shekara ɗaya da faruwar abin. Wanda ya zaɓi kotun tarayya yana da shekara biyu. Mazauna birnin New York suna iya kiran lambar 311 su nemi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin, wadda dokarta ta fi ta tarayya faɗi, don ta hana wariya saboda matsayin takardun zama, ko saboda mutum yana biyan haya da tallafin gwamnati. Dokar tarayya ta sassauta wa mai gidan da yake zaune a cikin gininsa idan sassan ginin ba su wuce huɗu ba, sai dai wannan sassauci bai ba shi damar wariyar launin fata ba, saboda wata tsohuwar doka ta 1866 ta riga ta toshe wannan ƙofa. Wanda kuma yake tsoron kada mai gida ya kore shi don ya yi ƙorafi, ya sani cewa ramuwar gayya ita ma laifi ce mai zaman kanta.

Duk inda aka nufa, tambayar farko ita ce shaida. Saboda haka a daren da abin ya faru, matar nan ta zauna ta rubuta rana da lokaci da adireshin gidan da sunan dillalin da ainihin kalmomin da ya furta, ta adana saƙonnin waya, sannan ta ɗauki hoton tallan yana nuna kwanan wata kafin a sauke shi.