Lacca: Famili mai bin layi idan ya shiga guruf a Revit

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla.

Abubuwa huɗu zan taɓa yau, duk a kan famili mai bin layi idan an saka shi cikin guruf. Ba guruf ɗin WhatsApp ba, ke da kike dariya, na Revit nake nufi. Wannan manhaja ta zanen gine-gine ta fito a shekarar 2000, Autodesk ta saye ta a 2002, amma har gobe guruf ɗinta bai daina sa mutane kwana a ofis ba.

Famili a Revit shi ne samfurin wani abu da ake sakawa cikin zane, kamar ƙofa ko kanta. Mai bin layi dai kun san shi: ka danna nan, ka danna can, abu ya miƙe tsakanin maki biyun. Sandar labule, dogon kanta, lambatu. Tsawonsa na kowane ɗaya ne shi kaɗai. Shi kuwa guruf, wato abubuwa da yawa da aka haɗa wuri ɗaya don a riƙa kwafa su tare, dokarsa ita ce duk kwafinsa su zama iri ɗaya sak, kamar masu ankon biki. To kun ga inda rigimar take. Ɗaya yana son ya miƙe yadda ya ga dama, ɗayan ya ce ba a isa ba.

Na farko, kuma shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: kada ka ɗaure abin da ke cikin guruf da abin da ke wajensa. Bari in ba ku labari. Na taɓa zana ɗakunan kwanan ɗalibai, ɗaki ɗaya na yi guruf, na kwafa shi hawa uku. A kowane ɗaki akwai kanta mai bin layi. Sai na ja ƙarshen kantar zuwa bangon baranda, ɗan kwaɗon kullewa nan da Revit ke nunawa ya bayyana, hannuna ya yi ƙaiƙayi, na kulle. Bangon kuwa ba ya cikin guruf. Bayan kwana biyu injiniya ya ce a matsar da bangon milimita ɗari da hamsin. Ina matsarwa, gargaɗi ya fito: ba a canza abin guruf sai an shiga cikinsa, ko dai a warware guruf ɗin, ko a ƙirƙiri sabon nau'i. Dare ya yi, wuta ta ɗauke, janareta na shan mai, na danna a ƙirƙiri sabo. Washegari na buɗe jerin guruf na tarar ɗakin da na sani ɗaya ya haihu, ga na biyu ga na uku. Wallahi kwaɗon nan! Ɗan mitsitsin abu ne, shi ya sa ba a ganin sharrinsa. Ka kulle shi yau, ka manta, bayan wata guda ya kama ka.

Kuma ba kwaɗo kaɗai ba ne. Ma'aunin da ka kulle shi ma ɗauri ne. Fuskar da ka ɗora famili a kanta ita ma ɗauri ce. In ka ɗora sandar labule a fuskar bango, to ko dai bangon ya shiga guruf tare da ita, ko ka ɗora ta a kan hawan benen da kansa, ka ba ta tsayi daga ƙasa. Ni na biyun na fi so, don hawa ba ya gudu ya bar ka. Zan maimaita, na ga wasu ba su rubuta ba: abin ciki da na ciki, abin waje da na waje.

Wani zai ce ai akwai zaɓin da ke barin ƙima ta bambanta daga kwafi zuwa kwafi. Akwai, amma na irin su rubutu da kayan gini ne, tsawo ba ya ciki. In ɗaki ɗaya ya fi sauran faɗi, yi masa nau'in guruf nasa da hannunka, ka raɗa masa suna mai ma'ana. Ko ka cire kantar daga wannan kwafin kaɗai, Revit ta yarda da haka, ka zana wata a waje.

Na uku... na biyu ne? To, ko na nawa ne. Juyin madubi. In ka juya guruf, abin da ke hagun layi ya koma dama, don haka gwada famili ɗinka a fayil fanko kafin ka watsa shi ɗakuna hamsin. Na wuce, lokaci na tafiya.

Sai jeri, wato maimaita abu ɗaya a kan tazara iri ɗaya cikin famili. Ka sa ƙafafun kanta su maimaitu kowane milimita 600, adadinsu tsawo raba tazara. Tsawo 3000 ya ba ka biyar, lafiya lau. Ka shiga guruf ka rage shi zuwa 800, lissafi ya ba da ɗaya, famili ya fashe, domin a tsofaffin Revit jeri ba ya yin ƙasa da biyu. Sai ka zagi guruf, alhali laifin famili ne. Maganinsa sharaɗi a cikin lissafin: in adadi bai kai biyu ba, a bar shi biyu.

Na'am, akwai hannu can.

(Tambaya daga zaure: Malam, na ji an ce sabuwar Revit ta gyara maganar jerin nan. Me zai hana mu koma kanta kawai?)

Gaskiya ne, ɗan'uwa, daga Revit 2025 jeri a cikin famili yana karɓar ɗaya, har da sifili. Amma tsaya. Fayil ɗin Revit in ya hau sabuwar shekara ba ya saukowa, babu hanyar ajiye shi a tsohuwa. Kai ka ɗaga naka, injiniyan ƙarfe yana kan 2022, mai zanen wayar wuta yana kan 2023, ranar Litinin ba wanda zai iya buɗe aikinka. Don haka kafin ka taɓa komai, kira su ɗaya bayan ɗaya ka ji wacce suke kai, ka kuma ajiye kwafin tsohon fayil a wani wuri daban. Na huɗun kuma, na ji an kira salla, sai mun dawo.