Wanda aka daka a bakin aiki, wa zai biya shi?

(Wannan lacca ce da wani lauya ya gabatar a taron wayar da kai na ma'aikata. An kwafo ta daga muryar da aka naɗa, an bar ta yadda ya yi ta.)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayena da ke layin gaba, 'yan uwana ma'aikata maza da mata, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Maganar da aka ɗora mini ita ce ta ma'aikacin da aka daka yana bakin aikinsa. Ina nufin mai zuba mai da wani ya fasa wa baki don ya ce a bi layi. Ma'aikaciyar jinya da ɗan uwan majinyaci ya shaƙe don ta ce babu gado. Malamin makaranta da uban yaro ya zo masa da ƙattai. Maigadin da ɓarayi suka sara cikin dare, da ma'aikacin lantarki da ya je yanke wuta aka yi masa taron dangi. Na ga wasu suna gyaɗa kai, alama ce ba labarin nesa nake ba ku ba.

Abu huɗu zan faɗa in zauna: ƙofofin da ake bi, abin da za ka yi a kwanakin farko, nawa ake biya, sai kuma inda mara ƙarfi zai samu lauya.

Na farko, ƙofofi. Duka laifi ne, don haka akwai ƙofar 'yan sanda da kotun laifi. Mutane da yawa suna zaton can ɗauri kawai ake yi. Sashe na 78 na dokar Final Kot da muke aiki da ita a Arewa ya ba alƙali dama ya sa wanda aka kama da laifi ya biya diyya ga wanda ya cuta, haka ma dokar gudanar da shari'un laifi ta 2015. Amma sai an roƙa, saboda haka ka gaya wa mai gabatar da ƙara tun farko cewa kana neman kuɗin maganinka.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda aka fi jahilta: dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ita ce ke riƙe da asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, wajibi ne ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata. Daga aljihunsa, ku ji ni da kyau, daga aljihunsa. Sashe na 14 ya haramta a cire ko kwabo daga albashinka don wannan. Daɗin wannan ƙofa shi ne ba sai ka nuna cewa maigidanka ya yi laifi ba. Abin da ake dubawa kawai, raunin ya same ka ne a cikin aiki ko ta dalilin aiki? Har hanyarka ta zuwa da komawa gida dokar ta sa a ciki. Sashe na 8 ma ya yi maganar firgici da damuwar da ke kama mutum bayan mummunan abu ya same shi a wurin aiki, irin maigadin da tun daren da aka ɗaure shi bai ƙara barcin kirki ba. Sojoji ne kaɗai aka ware daga dokar.

To na biyu, kwanakin farko. Nan ne zuciyata take, ku yi mini uzuri in daɗe.

Dokar nan ta 2010 ta ce ka sanar da wanda kake wa aiki cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara 1. Idan wanda ya dake ka mutumin waje ne, ba maigidanka ba kuma ba abokin aikinka ba, sashe na 12 ya ba ka zaɓi: ka kai shi ƙara da kanka, ko ka nemi diyya daga asusun, kuma idan asusun ka zaɓa, to cikin wata 6. Kwana 14, kwana 7, wata 6, shekara 1. Mai biro ya rubuta.

Yanzu me ke faruwa a cikin waɗannan kwanaki a garuruwanmu? Kun fi ni sani. An daki yaro ranar Litinin. Talata manaja ya kira shi ofis ya ce kada ka ɓata mana suna da babban kwastoma. Laraba wanda ya yi dukan ya turo yayansa da wani dattijo mai farin gemu, a zo gidan uban yaron da ɗan goro. A ce sharrin shaiɗan ne, a yi haƙuri, duk abu ɗaya ne. Uban ya ji nauyi ya ce ba komai, mun bar wa Allah. Ba wanda ya tambayi yaron. Ba wanda ya tambayi kunnen da ya daina ji. Bayan wata biyu kunne ya fara zubar da ruwa, likita ya ce sai an yi aiki, a koma wurin mutanen nan su ce ai an riga an gama magana. A lokacin kumburi ya saɓe, babu hoto, babu katin asibiti, abin da kyamarar tsaro ta ɗauka ya goge, don yawancin na'urorin nan suna shafe tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki ko makonni. Haƙƙin nan kamar ƙanƙara ce a tafin hannu, kana jiran sulhu tana narkewa.

Ba na faɗa da sulhu, Allah ya sani. Sulhu alheri ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ɗauki addini a toshe bakin mai rauni da shi, har ya ji kamar neman diyya rashin tawakkali ne ko kwaɗayi. Wa ya ce? Malamai suna zaune a nan, in na kauce su gyara mini. A Suratul Ma'ida, aya ta 45, an ambaci ido da hanci da kunne da haƙori, aka ce raunuka akwai ƙisasi a cikinsu. A Bukhari akwai labarin Rubayyi'u 'yar Nadru, wadda ta karya haƙorin wata yarinya. Danginta suka nemi a yafe, suka nemi a karɓi diyya, mutanen yarinyar suka ƙi. Aka je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shin ya ce musu ku yi haƙuri, ai haƙori ɗaya ne? Hukuncin ƙisasi ya yanke, duk da cewa ɗan uwan Rubayyi'u, Anas ɗan Nadru, babban sahabi ne kuma ya yi rantsuwa ba za a karya haƙorinta ba. Sai da haƙƙi ya tabbata a hannun mutanen yarinyar, sannan su da kansu suka sauko suka karɓi diyya. Ku lura da jerin: an tabbatar musu da haƙƙinsu tukuna, sannan suka zaɓa. Mu kuma mun juya abin, muna karɓe zaɓin tun kafin mutum ya san yana da haƙƙi.

Kuma shari'a ba ta ji kunyar sa wa gaɓoɓi farashi ba. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san wannan babi. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000. Yatsa ɗaya raƙuma 10. Haƙori ɗaya raƙuma 5. Raunin kai da ya kai har ƙashi ya bayyana, raƙuma 5. Wa ya san kuɗin raƙumi a kasuwa yanzu? Ga Alhaji can har ya fara lissafi da yatsu. (Dariya.) Don Allah kada wani ya fita daga nan ya je neman mai cire masa haƙori. (Dariya.) To amma ku auna wannan da naira dubu biyar da ake cusa wa yaro a aljihu a ce ya sayi man zafi.

Akwai ƙa'ida ɗaya a wannan babi da nake so kowa ya haddace, ko da ita kaɗai ya tafi da ita gida: ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Malamanmu sun faɗi haka tun shekaru fiye da dubu, saboda sun san ciwon da ka raina yau yana iya zama nakasa gobe. Don haka idan aka kawo maka takarda a gadon asibiti aka ce sa hannu an biya ka, magana ta ƙare, ka ce a'a, sai likita ya sallame ni. Dokar 2010 ma ta tsaya maka a nan. Sashe na 13 ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigidansa ta sarayar da haƙƙin diyyarsa, banza ce. 'Yan uwana Kirista, ku ma yana cikin littafinku, Fitowa sura 21, aya 18 da 19: wanda ya bugi wani har ya kwanta, zai biya shi lokacin da ya yi asara, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke.

Ina nake? Eh, kwanakin farko. Asibiti tukuna, kuma na gwamnati ya fi, don takardarsa ta fi nauyi a kotu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa. Ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, ya rubuta duka ne, kada kunya ta sa ka ce faɗuwa ka yi daga babur, wannan ƙaryar ita za a karanta maka a kotu. Ka ɗauki hoton raunin ranar da abin ya faru da washegari. Wayar nan da ba ta gajiya da hoton biki da na suna, yau ta yi maka aiki. (Dariya.) Kati, rasit, hoton ƙashi, rigar da ta yi jini, duk a leda ɗaya. Sunayen waɗanda suka gani da lambobinsu. Sanarwar da za ka ba wurin aiki kuwa a rubuce, kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Wanda ba ya rubutu, sakataren ƙungiya ya rubuta masa, aikinsa ke nan.

An miƙo mini takarda, wai lokaci. To na uku, ko na huɗu ne? Ƙofa ta uku ma ban faɗa ba. Ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin rikicin aiki a sashe na 254C, har da cin zarafin mata a wurin aiki. Tana da reshe a Kano da Kaduna da wasu jihohi. Idan hukuncin NSITF bai yi maka ba, kana da kwana 180 ka nemi hukumar ta sake dubawa, daga nan sai wannan kotu. Batun nawa ake biya, a gurguje: kuɗin magani, da wani kaso na albashi gwargwadon nakasar da likitoci suka auna. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan rai ya tafi, matar da aka bari da yara biyu ko fiye ita ma kashi 90. Lauya kyauta, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, mata kuma ga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta hana cin zarafi a wurin aiki, a 2022, wadda ta ce... na'am? Hajiya, bismillah. A miƙa mata abin magana.

(Wata mata ta ce duk abin da aka faɗa na masu ofis ne. Ta tambaya, yarinyar da ke aikatau a gidan maƙwabtanta, wadda uwar ɗakinta ke duka har ta karya mata hannu, ita wa zai biya ta?)

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, kin taɓo inda ya fi ciwo. Ranka ya daɗe, a ƙara mini kaɗan, wannan ba ta bari.

Amsar farko za ta ba ku mamaki. Dokar 2010, a sashe na 73 inda ta fayyace wane ne ma'aikaci, ta ambaci mai aikin gida ƙarara, muddin ba ɗan gidan ba ne. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a. Don haka a idon doka yarinyar nan ma'aikaciya ce kamar ni da ke. Amma ba zan yaudare ki ba, gidaje nawa ne suka yi wa 'yar aikinsu rajista? Saboda haka a irin wannan, ƙofar laifi ita ce mafi kusa. Karya ƙashi rauni ne mai tsanani a dokar Final Kot, kuma alƙali yana iya sa uwar ɗakin ta biya.

Sai ki duba shekarunta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta ce laifi ne a ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ba a taɓa dukansa ba. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ke kula da wannan, tana da ofis a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Akwai kuma matar da ta kawo ta daga ƙauye take karɓe albashinta, ita ma tana da amsar da za ta bayar. Kuma ina roƙon ki, kada a fara da zuwa gidan a yi cacar baki, don abin da ke biyo baya shi ne a sa yarinyar a mota da asuba a mayar da ita ƙauye da karyayyen hannu, wani mai ɗori ya ɗaure shi a karkace, shi ke nan babu yarinya babu shaida. A fara kai ta asibiti a ɗauki hoton ƙashin. A nemo iyayenta, a gaya musu abin da yake haƙƙin 'yarsu kafin masu goro su riga mu isa.

Ki tsaya bayan an tashi, Hajiya, ni da ke da sakatariyar mata mu zauna. Abu biyu nake so ki fara gano mini: shekarun yarinyar, da sunan garinsu. Ranka ya daɗe, na ji an kira salla, sauran tambayoyin sai mun dawo.