Sabara, Geza da Kalgo: Ƙananan Itatuwan da Suka Riƙe Dajinmu

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan'uwana manoma, da ku ɗaliban da ke can baya, ina fata murya tana isowa.

In aka ce daji, hankalin kowa sai ya tafi kan kuka da gawo da ɗorawa. Ni yau na ƙasansu na zo yi wa magana, waɗanda ba su cika wuce tsayin mutum ba: sabara, geza, kalgo, anza. Su ne muke fara ɗora wa gatari ranar sassabe, mu tara, mu cinna wuta, mu ce gona ta yi tsaf.

Don Allah in kun koma gida, ku je gindin sabara ku tsuguna. Za ku tarar ƙasar wurin ta yi ɗan tudu. Ku sa hannu ku tona. Baƙa ce, da laushi, ga ruɓaɓɓen ganye, ga kashin awaki, ga hanyar gara. Duk ƙurar da iskar hunturu ta kwaso, nan take yada zango. Ku matsa taku biyar inda aka tumɓuke 'yar'uwarta, sai fako, ko fartanya ba ta shiga. Kakannina ba su shiga aji ba, amma sun san geron gindin sabara ya fi kauri.

Masu bincike a Senegal sun gano dalili, kuma abin ya burge ni ƙwarai. Saiwar sabara tana nutsawa can ƙasa inda danshi yake. Da dare sai ta jawo ruwan sama-sama, ta sake shi a busasshiyar ƙasar da ke kewaye da ita. Sun ba saiwar ruwan da suka yi wa alama, ba a jima ba suka same shi a jikin geron da ke gefe. A 2018 aka wallafa wannan. Wato itacen da muke zargi da shanye wa gero ruwa, shi ke shayar da shi lokacin fari.

Geza kuwa ta tudu ce, mai son marmara da tsakuwa. Da ita ake ɗaure rumbu, a yi kujera da gado, mutanen Senegal ma shayi suke yi da ganyenta. Kalgo, ɓawonsa igiya, 'ya'yansa abincin dabbobi da rani.

Anza ce nake so mu ɗan daɗe a kai. Da bazara, komai ya bushe ƙurmus, ita kore shar. 'Ya'yanta su ne dilo. Ina yaro na ga kakata tana jiƙa shi a tukunya, kullum ta tsiyaye ruwan ta sake sabo, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita, sannan ta dafa. Ba daɗi ne da shi ba, amma a yunwar 1984 gidaje da yawa a Nijar da shi suka ga damina. Itacen da ya yi mana wannan rana bai cancanci wuta ba.

A ƙasar Maraɗi aka fara juya akalar. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da dashen itatuwa ya yi ta mutu masa, ya lura cewa tsiron da yake gani a gonaki toho ne daga tsofaffin kututture masu rai. Manoma suka karɓa, suka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram, ba tare da gandun reno ba.

Aikin ba wuya. Ka zo kan kututture, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Ka rage ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Abin da ka sare, uwargida ta samu ƙirare, ganyen kuma ka bar shi a kwance. Shekara mai zuwa ka dawo ka sake gyarawa.

Na ga an ɗaga mini hannu lokaci ya yi. Baba, kai da ka daɗe kana son magana, bismilla.