"Ni Na Kawo Ki, Ni Zan Mayar Da Ke": Abin Da Dokar Birtaniya Ta Ce

An ɗaura aure a gida, an kai amarya Ingila da bizar aure. Ba a rufa shekara ba, miji ya karɓe fasfonta, ya hana ta waya, sai zagi, sai mari. In ta ɗaga kai ya ce, "Ni na kawo ki, ni zan mayar da ke." Ta kira Hajiyarta tana kuka, aka ce ta yi haƙuri, haka zaman aure yake.

Tsoronta yana da tushe. Bizarta a jikin auren take rataye, kuma an rubuta mata cewa ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati. Ina za ta kwana in ta fita?

To 'yar'uwa, saurara da kyau. Tun 2002 dokar shige da fice ta Birtaniya ta ba matar da aurenta ya mutu saboda cin zarafi damar neman zaman dindindin da kanta, ba da sa hannun miji ba, muddin shi ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin. Ƙungiyar Southall Black Sisters, wadda aka kafa a Landan a 1979, ta daɗe tana fafutukar wannan. A 2012 aka ƙara rangwame: izinin wata uku, da tallafin kuɗi da damar samun masauki, kafin ta shigar da takardu. A 2024 kuma aka buɗe ƙofa ga wadda miji ya kai gida da sunan hutu, ya riƙe takardunta ya gudo ya bar ta. Wannan ta faranta mini rai ƙwarai, domin irin wannan yaudarar ta cuci mata da yawa.

Kuma ba sai an ga jini ba. Tun 2015, takura wa mace da juya rayuwarta ta hanyar barazana laifi ne a Ingila. Hujja kuwa, wasiƙar likita, rahoton 'yan sanda, saƙonnin waya, duk suna aiki.

Matan da mazajensu ke zaune da bizar karatu ko ta aiki suna samun wata ukun, amma hanyar zaman dindindin ba ta buɗe musu ba. A nan dokar ta gaza.

Bayan fita, rayuwa a hankali take dawowa: asusun banki da sunanta, ajin koyon Turanci, yara a makaranta, albashin farko, barci ba fargaba.

In kina cikin hatsari, kira 999. In da wayar hannu kika kira 999 kuma ba halin magana, danna 55 bayan an ɗauka. Layin ƙungiyar Refuge mai taimakon matan da ake cin zarafinsu, 0808 2000 247, kyauta ne, dare da rana, kuma za a iya nemo miki tafinta.