Mudu Biyu: Yadda Muke Auna Zargi Idan Namu Ne Da Idan Nasu Ne

A Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, mai awon da ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami kowa ya san sunansa. Amma idan labarin laifi ya shigo waya, yawancinmu haka muke awo. Kafin mu tambayi me ya faru, sunan wanda ake zargi muke dubawa.

Mu fara da Amurka, inda abin ya fito fili a talabijin. Ranar 3 ga Oktoba, 1995, kotu a Los Angeles ta wanke O.J. Simpson, baƙar fata tsohon tauraron ƙwallon Amurka, daga tuhumar kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta, dukansu fararen fata. Kyamarori sun nuna baƙaƙen fata suna murna, fararen fata kuma sun yi jugum. Shari'a ɗaya suka kalla, hujjoji ɗaya suka ji.

Wannan rabuwar kai tana da asali. A 1991 an ɗauki bidiyon 'yan sandan birnin suna jibgar wani baƙar fata, Rodney King, a 1992 kuma kotu ta sallame su, gari ya kama da wuta. A shari'ar Simpson ɗin ma, an kunna kaset ɗin ɗan sandan da ya ce ya tsinci safar hannu mai jini, Mark Fuhrman, yana zagin baƙaƙen fata, bayan ya rantse cewa ba ya yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai rashin yarda da 'yan sanda bai amsa tambayar wa ya kashe mutanen nan biyu ba. A 1997 wata kotun ta ɗora wa Simpson alhakin mutuwarsu, ta ce ya biya diyyar dala miliyan 33.5.

A nan gida, ƙabila da addini da yanki ne ke yin aikin da launin fata ke yi a can. A watan Mayun 2022, taron mutane ya kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, ba tare da an kai ta gaban alƙali ba. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi Allah wadai da kisan. Da aka kama mutum biyu, aka fito zanga-zangar a sake su, har gwamnan jihar na lokacin, Tambuwal, ya sa dokar hana fita ta awa 24. A wannan watan dai, 'yan bindiga a Anambra suka kashe wata mai juna biyu 'yar Arewa da 'ya'yanta huɗu. A Facebook, kowane ɓangare gawarsa kaɗai ya ƙirga. A Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida Sallah, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Ranar nan duk mun tuna cewa zargi ba hukunci ba ne.

Ga inda mudun ke sauyawa, ku lura da kyau. Idan namu ne, ana rubuta "ana zargin", ana neman a jira bincike. Idan nasu ne, kai tsaye "ɓarawo", "ɗan ta'adda". Namu mutum ɗaya ne da shaiɗan ya ruɗa, nasu kuwa "ai halinsu ne". Mun san zafin wannan, domin duk garkuwar da aka yi a Kudu, wasu jaridu "Fulani makiyaya" suke bugawa tun kafin a kama kowa. Sannan idan hujja ta yi wa namu yawa, sai a sauya magana: "To wane fa, me aka yi masa?" Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Doka kuwa matakai ta shimfiɗa. Akwai ƙorafi, sai kamu, sai bincike, sai gurfanarwa, sannan hukunci. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko ƙarin lokacin da kotu ta ga ya dace, ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 36(5) ya ce ba shi da laifi har sai an tabbatar. A shari'ar Musulunci ma hujja tana kan mai da'awa ne. Lokacin da wata mata daga gidan Banu Makhzum ta yi sata, Usamatu ɗan Zaidu ya je roƙo, Manzon Allah (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne su ƙyale babba su hukunta mai rauni.

Abin da ke lalata shari'a a aikace shi ne wannan son kan. Shaidu su ɓuya don kada a ce sun tona asirin ɗan'uwa. Manyan unguwa su cika ofishin 'yan sanda da "a sasanta". Taron jama'a ya tattake wurin da abin ya faru, hujja ta tafi. Idan kuma an kashe wanda ake zargi, an kashe bakin da zai faɗi sunan abokan aikinsa.

Kafin ka tura saƙo a WhatsApp, cire sunan da garin, ka sa na maƙwabcinka na Mabera ko Gidan Igwai, ka sake karantawa. Sannan ka duba abu uku: wace hukuma ce ta tabbatar da kamun, wace kotu aka kai shi, kuma bidiyon nan na wace shekara ne.