Sharhi: PRP, makulli yana hannu, ina masu buɗe ƙofa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, magoya bayan jam'iyyar PRP mai alamar makulli a nan Kaduna sun koma kan tsohuwar muhawararsu: wa ya dace ya ja ragamar jam'iyya, wa za a ba tuta. Abin takaicin shi ne duk sunan da aka ambata, tambayar farko ita ce, sananne ne? Yana da abin hannu? Da wuya ka ji an tambaya ko mutumin ya taɓa zama a taron gunduma.

Wannan fa jam'iyyar Malam Aminu Kano ce, magajiyar NEPU da aka kafa a 1950. A 1979 ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci tsohuwar Jihar Kaduna da Balarabe Musa, aka soke haraji da jangali. Ba kuɗi ne suka ci wancan zaɓe ba. Teloli ne, da mahauta, da malaman makaranta, da matan aure da ke aika saƙo gida-gida. Kuma a lura: Balarabe ya ci gwamna amma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi a watan Yunin 1981. Tun ran nan ya kamata a gane cewa mutum ɗaya a sama, komai gaskiyarsa, ba ya tsayuwa in babu jama'a a ƙasa.

To me aka yi da wannan darasi? A 2018 Sanata Shehu Sani ya bar APC ya shigo PRP, aka ba shi tikitin Kaduna ta Tsakiya, Uba Sani ya kayar da shi a 2019, daga baya ya yi gaba zuwa PDP. A 2022 Kola Abiola ya shigo, cikin 'yan watanni ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa, ƙuri'un da aka samu a 2023 ba su kai 100,000 ba a duk faɗin Najeriya. Ba laifin waɗannan bayin Allah ba ne. Laifin masu gida ne da suka mai da jam'iyyar talakawa masaukin baƙi, a kwana a tashi da safe a kama hanya.

Za a ce mini ai siyasar yanzu sai da kuɗi, sai da babban suna. Haba jama'a! In gasar kuɗi za a yi, da me PRP za ta kara da APC ko PDP? An faɗi tun kafin a shiga fili.

Abin da take da shi, wanda babu mai iya saya, yana nan a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Je ka ga ginin masaƙar KTL da ta tsaya tun 2002, ka ga tsofaffin ma'aikata da suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu sun rasu ba su karɓa ba. Yana nan wajen malaman firamare fiye da 21,000 da aka sallama a zamanin gwamnatin da ta wuce, da ɗan acaɓa da mai Keke Napep da cire tallafin man fetur na 2023 ya durƙusar. Su waye suka je suka zauna da su, suka rubuta sunayensu, suka ba su katin jam'iyya?

Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da gundumomi 255. Duk wanda ke son shugabancin PRP, a tambaye shi a bainar jama'a: a gunduma nawa kake da shugabanni masu taro ko da sau ɗaya a wata? A akwati nawa za ka iya tsayar da ejan da zai zauna har a gama ƙirga, ba tare da an saye shi da kuɗin shayi ba?

Ko hakan zai kawo kujerar gwamna a 2027? Ina shakka ƙwarai. Amma kujerar kansila da ta majalisar jiha a Zariya ko Kaduna ta Kudu ba su fi ƙarfin PRP ba. A 2019 ta ci kujerun majalisar wakilai a Bauchi. Daga nan ake farawa. Don haka wakilan jam'iyya, in an kawo muku suna, ku tambayi gundumarsa da shekarar da ya yanki kati kafin ku ɗaga hannu.